Mangwarona sai ganye ba huda: laifin ban-ruwa ne ko na ciyawar gindi?

Tambaya: "Malam, ina da bishiyoyin mangwaro masu aure guda 12, shekararsu 7 da dasawa. Da zarar ruwan sama ya ɗauke nake fara ba su ruwa duk bayan kwana biyu, ba na tsayawa sai damina ta dawo. Na kuma tara musu busasshiyar ciyawa da kashin shanu a gindi. Sun yi kore shar, amma huda kaɗan suke yi, 'yan 'ya'yan da suka kama ma yawancinsu kaɗewa suke tun suna ƙanana. Wani ya ce in daina ba su ruwa kwata-kwata, wani kuma ya ce in kwashe ciyawar. Wanne zan bi?"

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu yadda suka faɗa maka. Kowannensu ya hango wani abu na gaskiya, amma dukkansu sun bar maganar lokaci, alhali ita ce kan zancen. Ruwan da ke hana mangwaro huda a wani wata, shi ne kuma ke riƙe masa 'ya'ya bayan wata uku. Bishiyoyinka ba su da wata cuta a yadda ka kwatanta su. Gata ne ya yi musu yawa a daidai lokacin da ya kamata a ƙyale su.

Sai ka fara lura da yadda mangwaro ke girma, don komai a nan ya rataya. Ba ya tsawo a jere kullum kamar masara. Tofo yake yi zubi-zubi. Za ka ga kan reshe ya fitar da sababbin ganye ja-ja ko ruwan ƙasa, masu laushi, suna rataye kamar an jiƙa tsumma. Bayan 'yan makonni su koma kore mai haske, daga baya su yi duhu su yi tauri. Daga nan reshen ya tsaya cak, kamar barci. A ƙarshen kowane reshe akwai ido guda da ke jiran farkawa, kuma ranar da ya farka abu biyu ne a gabansa: ko ya fito da wani sabon ganye, ko ya fito da zangarniyar fure. Mangwaro a kan bakin rassa yake huda, don haka duk idon da ya farka ya zama ganye, ka yi asarar zangarniya guda ta wannan shekarar.

Abu biyu ne ke yanke hukuncin abin da idon zai zama. Na farko sanyi. A wuraren da dare ke yin sanyi har ma'auni ya sauka wajen digiri 15 na Salshiyas ko ƙasa da haka na tsawon makonni, idon da ya farka a wannan lokacin fure yake zama, ko da reshen bai tsufa sosai ba. Na biyu tsufan reshen. A wuraren da zafi ba ya sauka sosai duk shekara, sai reshe ya huta kamar wata 4 zuwa 5 tun tofonsa na ƙarshe kafin ya iya huda. Idan ya farka kafin haka, cikin ɗumi da danshi, ganye zai ba ka.

To ina ruwa ya shigo? Mutane da yawa sun ɗauka ƙishirwa ce ke sa mangwaro huda, wato ka wahalar da bishiya ta tsorata ta haihu. Ba haka abin yake ba. Wasu masana biyu na Jami'ar Fulorida a Amurka, Roberto Núñez-Elisea da Thomas Davenport, sun gwada wannan da mangwaron da suka raina a tukwane, suka fitar da sakamakon a 1994. A lokacin ɗumi, bishiyoyin da aka hana ruwa sun dakata da girma, amma da aka dawo musu da ruwa ganye suka fitar. A lokacin sanyi kuwa, waɗanda aka hana ruwa da waɗanda aka ci gaba da ba su duk sun yi huda, sai dai masu ƙishirwar sun ɗan riga fitarwa. Abin da bushewar ƙasa ke yi shi ne ta hana idon farkawa da wuri. Tana riƙe reshen cikin barci har ganyensa ya ƙosa, bishiya ta tara abinci a rassa da saiwoyi, sanyi kuma ya iso ya same ta a shirye. Gadi ƙishirwa take yi wa reshen, ba ita ke haifar da furen ba.

Yanzu ka duba abin da kake yi. Ruwan sama ya ɗauke, ƙasa ta fara bushewa, bishiya na shirin kwanciya, sai ga ka da ruwa duk kwana biyu, ga kashin shanu yana narkewa yana sakin naitirojin, sinadarin taki mai ingiza tofon ganye, a gindinta. A wurin bishiyar damina ba ta ƙare ba. Sai ta sake tofo. Lokacin huda ya zo ya tarar da rassan suna ɗauke da ganye ɗan wata ɗaya ko biyu, ba su isa ba. 'Yan rassan da suka tsallake wannan tofon su ne ka ga sun yi maka huda kaɗan ɗin nan. Koren da ke burge ka shi ne shaidar inda ƙarfin bishiyar ya tafi.

Gyaran a nan ba shi da wuya. Ka san watan da mangwaro ya saba huda a yankinku, ko ka duba bishiyoyin da ba wanda ke kula da su, su ne kalandar da ba ta ƙarya. Ka ƙirgo baya wata 2 zuwa 3 daga wannan lokacin, ka janye ruwa, ka kuma janye duk wani taki mai naitirojin, na gargajiya ne ko na zamani. Babbar bishiya ba za ta mutu ba. Mangwaro na da uwar saiwa da ke nutsawa ƙasa mita da yawa, tana iya kai mita 6 a ƙasa mai zurfi, kuma asalinsa daga yankin Indiya da Miyanma ne, inda ake samun watanni na rani duk shekara. Ya san rani tun kafin a fara yi masa ban-ruwa.

Sai dai irin ƙasarka ce za ta gaya maka iyakar janyewar. Ƙasa mai laka tana riƙe danshi makonni bayan ruwan ƙarshe, don haka a can za ka tsayar da ruwa ɗungurungum, kuma da wuri. A jigawa mai rairayi, ko inda ƙasa ba ta da zurfi saboda dutse ko marmara a ƙarƙashi, bishiya na iya galabaita fiye da yadda ake so. Idan ka ga ganye ya dushe, yana lanƙwashewa tun da safe, bakinsa yana ƙonewa, ko koren ganye ya fara zuba da yawa, ka wuce gona da iri. Ka ba ta ruwa kaɗan sau ɗaya, wanda zai riƙe ranta ba tare da ya tashe ta ba. Bishiyar da aka gasa da ƙishirwa har ta zubar da ganye, ko ta yi huda, furen ba ya da ƙarfin kama 'ya'ya, don ganyen ne ke ciyar da su.

Wannan duka maganar bishiyar da ta isa haihuwa ce. Dashen da bai wuce shekara 3 ba, kada a hana shi ruwa da sunan neman huda. Shi tofo ake so ya yi ta yi har ya gina jiki. Ni ma idan ɗan dashe mai aure ya yi rawar kai ya fitar da fure a shekarar farko ko ta biyu, cire shi nake yi.

Sai tambayar da ta fi raba kan manoma: yaushe za a dawo da ruwan? Wasu na cewa a jira har 'ya'ya su kama. Wasu na cewa da an ga huda ta farko a buɗe famfo. Ni ina tsakiya, kuma ga dalilina. Idan ka dawo da ruwa da yawa tun rassa kaɗan ne suka nuna fure, sauran idanun da ba su riga sun yanke shawara ba za su iya farkawa da ganye, musamman idan gari ya fara ɗumi. Idan kuma ka jira har fure ya gama buɗewa a busasshiyar ƙasa, zangarniyar ba ta miƙewa sosai, furanni su bushe da wuri. Don haka ka bari sai mafi yawan rassa sun fito da zangarniya a fili, sannan ka fara da ruwa matsakaici. Ranar da ka ga 'ya'ya sun kama sun kai girman ƙwayar wake, ka koma cikakken ban-ruwa, kuma daga nan babu wasa.

A gindi za ka zuba, kada ka yi feshi a kan furen. Jiƙewar fure ita ce ƙofar cutar antiraknos, wadda ke baƙanta zangarniya ta kashe ta, ta kuma ɓuya a jikin ɗanyen mangwaro sai ya nuna ta fito da baƙaƙen tabo. Akwai kuma farar fumfuna mai kama da barbaɗen gari, wadda ke son dare mai sanyi da raɓa. Ban da haka, ƙudaje da ƙudan zuma da sauran ƙananan ƙwari ne ke yi wa mangwaro barbara, kuma ba sa aiki a jiƙaƙƙen fure. Shi ya sa shekarar da ruwan sama ya faɗo a tsakiyar huda ba ta cika yin albarka ba, kuma shi ya sa mangwaro ya fi haihuwa a ƙasashen da ke da rani bayyananne fiye da inda ake ruwa duk shekara, ko da bishiyar can ta fi girma.

Game da kaɗewar 'ya'ya, bari in fara kwantar maka da hankali. Zangarniya guda tana ɗauke da furanni ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Da yawansu maza ne zalla, ba za su taɓa zama 'ya'ya ba. Cikin masu iya kamawa ma, abin da ke kaiwa ga nuna bai kai ɗaya cikin ɗari na furen ba. A yawancin iri, idan zangarniya ta riƙe ɗa ɗaya zuwa uku har girbi, ta yi ƙoƙari. Saboda haka ganin ƙananan 'ya'ya a ƙasa a makonnin farko ba abin tashin hankali ba ne, bishiya ce ke rage kayan da ta san ba za ta iya ɗauka ba. Wanda ya kamata ya dame ka shi ne kaɗewar da ta ci gaba bayan sun kai girman ƙwan tantabara. A nan ruwa na da hannu sosai.

Makonni 4 zuwa 6 na farko bayan kamawa su ne lokacin da ƙwayoyin halittar ɗan mangwaro ke rarrabuwa suna yawaita. Adadin da ya tara a wannan lokacin shi ne iyakar girman da zai iya kaiwa, daga baya cika kawai suke yi da ruwa da abinci. Idan ƙishirwa ta same shi a nan, ko dai ya faɗi, ko ya tsaya ƙarami, kuma ruwan da za ka malala daga baya ba zai rama ba. Abin takaici, a wurare da yawa wannan lokacin yana faɗowa ne daidai da mafi tsananin zafi da bushewar iska a shekara. Ganye na fitar da ruwa da yawa da rana, idan saiwa ba ta samo madadinsa ba, bishiya takan janye daga 'ya'yan, ta saki wasu.

Za ka ce ai kai kana ba su ruwa duk kwana biyu, me ya sa suke kaɗewa? Ina zargin abu biyu, kuma na sha ganinsu a gonaki. Na farko wurin da ake zuba ruwan. Mutane sukan yi ɗan kwano a jikin kututture tun bishiya tana ƙarama, shekara 7 bayan nan suna nan suna cika wannan kwanon. Alhali ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa sun daɗe da barin wurin. Suna can baje a ƙarƙashin inuwar bishiyar, sun fi yawa daga tsakiyar inuwar zuwa inda ganyen ƙarshe ke ɗigar da ruwan sama, kuma akasarinsu a cikin rabin mita na saman ƙasa suke. Na biyu yawan ruwan. Idan, alal misali, bokiti biyu kake zuba wa kowace bishiya duk kwana biyu, ya isa ya jiƙa saman ƙasa ya ruɗi bishiya ta yi tofo a lokacin da iska ke da sanyi, amma bai isa ya ɗauki nauyin 'ya'ya a tsakiyar zafi ba. Wato ruwanka ya yi yawa a lokacin hutu, ya yi kaɗan a lokacin aiki.

Ga lissafi mai sauƙi. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Bishiyar da faɗin inuwarta ya kai mita 6 ta rufe kusan murabba'in mita 28. Idan a ranar zafi tana shan abin da ya kai milimita 4 zuwa 5, ka ga lita 110 zuwa 140 ke nan a rana guda. Misali ne na ba ka, adadin yana sauyawa da girman bishiya da yanayin gari, amma ya isa ya nuna maka tazarar da ke tsakanin bokiti biyu da buƙatarta. Ka faɗaɗa kwanon ya zama zobe a ƙarƙashin bakin inuwa, ko ka kewaya da tiyo mai ɗigo. A ƙasa mai laka ka ba da ruwa mai yawa sau ɗaya a mako ko kwana 10. A jigawa ka raba shi sau biyu ko uku a mako, don rairayi ba ya ajiya. Kada ka yarda da idonka a kan saman ƙasa. Ka tona kamar santimita 30 a bakin inuwa, ka damƙi ƙasar. Idan ta dunƙule ba ta ɗiga ba, daidai ne. Idan ta warwatse, lokacin ruwa ya yi. Idan ta yi caɓi tana wari, ka dakata, don saiwar mangwaro ma tana buƙatar iska.

Abin da ɗan mangwaro ya fi ƙi shi ne yau fari gobe ambaliya. Idan ƙasa ta bushe ƙamas na kwanaki sannan aka malala mata ruwa, naman ciki yana kumbura fiye da yadda ɓawo zai iya miƙewa, sai ka ga 'ya'ya suna tsagewa a sama. Daga huda zuwa ƙosawa yakan ɗauki kwana 100 zuwa 150, gwargwadon iri da zafin gari. Idan ya rage mako 2 zuwa 3 a girbe, ka rage ruwan, don ruwa mai yawa a ƙarshe yana sa zaƙi ya yi salam, kuma mangwaron ba ya jure ajiya.

Yanzu ciyawar. Wanda ya ce ka kwashe ta ya yi kuskure a mafi yawan shekara. Lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ganye yana cikin abubuwa mafi amfani da za ka yi wa mangwaro, saboda waɗancan ƙananan saiwoyin na sama. Ƙasa tsirara a rana tana yin zafin da ba ka iya taka ta ba takalmi, saiwoyin da ke kusa da sama su ƙone, ruwan da ka zuba kuma wani kaso ya tafi sama kafin bishiya ta sha. A ƙarƙashin lulluɓi ƙasa na zama da sanyi, danshi ya daɗe, ciyayi masu gasa ba sa fitowa, ruwan sama ba ya daddaɓe fuskar ƙasa. Yana ruɓewa a hankali ya koma taki, tsutsotsin ƙasa su huda ta iska ta shiga. Idan ka ɗaga tsohon lulluɓi za ka ga fararen saiwoyi sun hauro har cikinsa. Mafi girman amfaninsa a wurin mai neman 'ya'ya shi ne yana rage wannan hawa da sauka na danshi tsakanin ban-ruwa da ban-ruwa, wanda shi ne ke kaɗar da 'ya'ya ya tsaga su. A yankin Konkan na Indiya, inda ake noman irin Alphonso, akwai wata matsala da naman mangwaro ke yin fari-fari kamar soso a ciki alhali waje lafiya lau, kuma rufe ƙasa da ciyawa yana cikin hanyoyin da ake bi a rage ta, saboda yana tare hucin da ke tasowa daga ƙasa zuwa 'ya'yan da ke rataye kusa.

Amma ka lura da wannan, don nan ne mai ba ka shawarar yake da 'yar gaskiya. Lulluɓi ba ya zaɓen lokaci. Yadda yake riƙe danshi a lokacin 'ya'ya, haka yake riƙe shi a lokacin da kake son ƙasa ta bushe bishiya ta huta. Idan ƙasarka mai laka ce, ko ruwan ƙarƙashi yana kusa, lulluɓi mai kauri zai iya tsawaita wa bishiya damina da makonni. A irin wannan wurin, ko ka tsayar da ruwa da wuri fiye da maƙwabcinka mai ƙasa tsirara, ko ka ja ciyawar gefe a ƙarshen damina, ka mayar da ita idan huda ta fito. A jigawa kuwa bar ta a wurinta duk shekara, ƙasar za ta bushe da kanta, lulluɓin ma shi zai hana ƙishirwar ta wuce kima.

Kuma kashin shanu ba lulluɓi ba ne, taki ne. Haɗa su wuri guda da ka yi shi ne rabin matsalarka. Yawan naitirojin ba huda kawai yake hanawa ba, yana da alaƙa da lalacewar naman mangwaro daga ciki, irin wanda ke yin laushi a baki ko ya narke a kewayen ƙwallo, musamman idan ƙasa ba ta da isasshen kalsiyam. Lokacin taki shi ne bayan girbi. Da ka gama tsinka, ka yi sassabe, ka cire matattun rassa da ragowar zangarniya, ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka ba da ruwa idan babu na sama. So ake bishiya ta yi tofo gaba ɗaya a lokaci guda, don wannan tofon ne zai huta ya ɗauki furen baɗi. Bishiyar da aka yi watsi da ita bayan ta yi haihuwa mai yawa takan makara wajen tofo, shi ne ɗaya daga dalilan da mangwaro ke cika bana ya yi fashi baɗi. Wasu iri ɗabi'arsu ce, kulawa tana ragewa ne kawai.

Yadda ake shimfiɗa lulluɓin: kauri kamar santimita 10 zuwa 15, daga ɗan nesa da kututture har zuwa bakin inuwa, ko ma ya ɗan wuce. Ka bar fili kamar taƙi ɗaya ko biyu a kewayen kututturen. Tara ciyawa da taki a jikinsa, kamar yadda ka kwatanta, yana sa ɓawo ya zauna a jiƙe ya ruɓe, ya kuma zama mafakar gara da ɓeraye. Ka jiƙa ƙasa sosai kafin ka rufe ta, kuma idan kana ban-ruwa ka tabbata ruwan yana ratsawa, don yayyafi kaɗan a kan busasshiyar ciyawa ita ke shanye shi, ƙasa ba ta gani ba. Busasshiyar ciyawa, tattakar shinkafa, yankakken kara, ɓawon gyaɗa, ganyen bishiyoyi, duk suna yi. Garin katako sabo ka bar shi a sama kawai, idan ka cakuɗa shi da ƙasa yana kama naitirojin na ɗan lokaci ganye ya yi rawaya. Baƙar leda tana riƙe danshi, amma ba ta ƙara wa ƙasa komai, kuma a wuri mai zafi tana dafa saman ƙasa.

Gara za ta zo, babu makawa. Yawanci mataccen abu take ci, kuma ta fi damuwa da ciyawar fiye da lafiyayyar bishiya, sai dai ɗan dashe mai rauni da aka jingina masa tarkace yana iya shan wahala. Wuta ta fi gara haɗari. Busasshen lulluɓi a rani makamashi ne, ka share layi a kewayen gonar. 'Ya'yan da suka faɗi kuma kada ka bar su su ruɓe a ciki da sunan taki, a nan tsutsar ƙudan 'ya'yan itace ke fita ta shiga ƙasa ta dawo maka. Ka tsince su ka binne da zurfi. Ka kuma daina noma da fartanya ko garma a ƙarƙashin inuwar, saiwoyin da kake ta ƙoƙarin rainawa kake datsewa.

Idan ka yi duk wannan huda ba ta ƙaru ba, ka duba ko kana noman kayan lambu a tsakanin bishiyoyin da rani. Ruwa da yuriyar da kake ba kayan lambun, mangwaro na sha ta ƙarƙashi, ka ga ba a hana shi komai ba ke nan. Ka duba ko rassa sun haɗe sun rufe rana, don reshen da ke cikin inuwa ba ya huda. Ka duba ko kana sassabe gab da lokacin fure, wanda yanke idanun ne da hannunka. Za ka kuma ji labarin magungunan sa huda. Feshin fotasiyam naitiret, wanda Ramon Barba ya gano amfaninsa a Filifin a farkon shekarun 1970, ya maye gurbin turara wa bishiya hayaƙi da manoman can ke yi a da. Yana aiki a wasu iri a ƙasashe masu zafi, amma tada ido kawai yake yi, idan reshen bai ƙosa ba ganye za ka samu. Faklobutirazol kuma, wanda ake zubawa a ƙasa don ya danne tofo, yana daɗewa a cikin ƙasa, idan aka zarce kima ya tsugunar da bishiya shekaru. Ban ba ka shawarar taɓa ko ɗaya ba kafin ka gyara ruwa da taki.

Tun da bishiyoyinka 12 ne, kana da damar gani da idonka. Bana ka ware 6 ka janye musu ruwa da taki yadda na faɗa, 6 kuma ka ci gaba da su yadda ka saba, amma ka zaɓi rukunin da ke nesa da juna don saiwoyi ba su san iyaka ba. A kowace bishiya ka ɗaura zare a rassa 10, ka rubuta ranar da kowanne ya yi tofonsa na ƙarshe. Idan huda ta fito ka ƙirga rassa nawa suka yi fure a kowane rukuni, da watanni nawa kowanne ya huta kafin nan. Wannan adadin watannin shi za ka riƙa ƙirgowa baya da shi a gonarka daga baɗi.